Haruffa Masu Lanƙwasa a Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya lura da rubutun tsofaffin wasannin kwamfuta, irin na na'urar Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, zai ga da ɗigo-ɗigo aka gina haruffan. Kowane harafi da filinsa, gurbi 8 a tsaye, 8 a kwance, gurbi 64 ke nan, tamkar gidan dara. Mai tsara wasa yakan cike wasu guraben, ya bar wasu, har siffar harafi ta fito. Sa'an nan ya jera haruffan a hoto guda, ya umarci na'ura ta riƙa ɗauko kowanne bisa lambarsa.

Wannan lamba ita ce abin da ke damuna. Jerin da aka saba bi, wato ASCII, lambobi 128 ne kacal, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A tsarin Unicode kuwa ƙ tana lamba 409, ɗ tana 599. Tilas mai tsarawa ya yi musu jadawali daban, ya kuma matse jikin harafin domin lanƙwasa ta sami gurbi biyu ko uku a sama. In ya ƙi, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka, a ganina, zana waɗannan haruffa aikinmu ne, mu ɗaliban Hausa, tun da mu muka san nauyin ma'anar da ɗigo biyu ke ɗauke da shi.