Zango a Daji: Masaukin da Ba a Biyan Ko Kwabo

Duk wanda ya san Tudun Wada ta Kaduna ya san unguwa ce mai cunkoso. Gida yana jingine da gida, shago yana jingine da shago, tun daga Kasuwar Barci har bakin babbar kwalejin nan da kowa yake kira Poli. A nan ba abin da ake samu a banza. Ɗaki kuɗi ne, ruwan mai garuwa kuɗi ne, har wurin da mai tebur zai kafa teburinsa sai ya biya. Yaron da aka haifa a irin wannan unguwa yana iya kai shekara 15 bai taɓa ganin duhun dare na sosai ba, bai kuma taɓa kwana a inda ba rufi bisa kansa ba.

Amma tafiyar awa ɗaya a mota daga birnin akwai wani masauki mai faɗi, wanda ba a biyan ko kwabo a cikinsa. Ba shi da gado, ba famfo, ba lantarki, ba ƙyaure. Sunansa daji. Mu da muka tashi a Tudun Wada mun sha kwana a cikinsa, muna kuwa so mu ba ku labarinsa, ya ku iyaye, gama abu ne da yake neman kuɓuce wa 'ya'yanmu.

Gadon fatake

Kwana a fili ba al'adar da Turawa suka kawo ba ce. Tun kafin a kafa Kaduna, fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da jakuna da takarkarai, su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Madugu shi ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya. In rana ta yi sanyi sai su sauka a bayan gari, kusa da ruwa, su sauke kaya, su hura wuta. Wurin nan shi ake kira zango. Matan garin sukan kawo fura da tuwo da harawa su sayar. Da yawa daga cikin zangunan nan sun zama garuruwa, kamar Zangon Aya a hanyar Zariya da Zangon Katab a kudancin jihar. Har a ƙasar Gana, a Kumasi da Akara, unguwar baƙi sunanta zango.

Littafi Mai Tsarki ma cike yake da mutanen zango. Ibrahim ya yi zamansa cikin alfarwa. Yakubu ya kwana a fili a Betel, dutse ne matashin kansa, a can kuwa Ubangiji ya yi magana da shi. A Littafin Firistoci sura 23 an umarci Isra'ilawa su bar gidajensu kwana bakwai kowace shekara su zauna a bukkoki, domin kada jikokinsu su manta da zaman jeji.

Na wane ne dajin?

A wasu ƙasashe doka ta tsara wannan abu dalla-dalla. A Amurka akwai hukumar da take riƙe da filayen gwamnati wajen eka miliyan 245, yawancinsu a yammacin ƙasar. A mafi yawan filayen nan mutum yana iya kafa tantinsa kyauta har kwana 14, sa'an nan ya matsa gaba. A Suwidin kowa yana da izinin ratsa daji ya kwana dare ɗaya ko biyu, muddin bai matsa kusa da gidan wani ba, bai kuma yi ɓarna ba.

A nan gida tsarin dabam ne. Dokar ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Akwai kuma gandun daji na hukuma, kamar na Afaka a yamma da Kaduna, wanda aka keɓe a 1954, da na Kamuku a Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe a 1936, ya zama gandun tarayya a 1999. Irin waɗannan ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandu. Akwai makiyaya da aka keɓe wa masu shanu bisa dokar Jihar Arewa ta 1965, kamar ta Ladduga kusa da Kaciya.

Sauran dajin fa? A idon ɗan birni ba mai shi. Amma tambayi ɗan ƙauye. Wannan fili saura ce ta wani gida, an bar ta ta huta. Wancan itacen ɗorawa yana da mai shi, kaɗanyar da take kusa da ita ma haka. Wannan hanya mai faɗi burtali ne. Wancan kurmi kuwa tun kakanni ba a sara a cikinsa. Daji ba shi da ƙyaure, gaskiya ne, amma yana da masu shi. Kyautar da baƙo yake samu a cikinsa, kyautar mutanen wurin ce.

Yadda mukan tafi

A shekarun 1980 mukan fita sau ɗaya a shekara, mu matasan ekklesiya da dattawa biyu ko uku. Wasunmu sun koyi ɗaurin tanti a ƙungiyar 'yan Birged, wadda William Smith ya kafa a Gilasgo a 1883, ta kuma iso Nijeriya a 1908. Mukan zaɓi farkon Nuwamba. A lokacin ruwa ya ɗauke, rafuka ba su ƙafe ba tukuna, hazon hunturu kuma bai rufe sararin sama ba.

Shirin duk a unguwa ake yinsa. A Kasuwar Barci mukan sayi barguna da rigunan sanyi na gwanjo. A Panteka, inda maƙera suke mai da tsohon ƙarfe sabon kaya, mukan sami tukunya da bokiti. Iyaye mata sukan ɗaura mana garin rogo, ƙuli-ƙuli, shinkafa, wake, manja da yaji. Kowa ya naɗe tabarmarsa da gidan sauro, a kuma ɗauki adda biyu, tocila, da akwatin magani.

Mukan haye gadar kogin Kaduna da sassafe, mu bi ta Sabon Tasha mu kama hanyar Kaciya. A wuce matatar mai, wadda aka buɗe a 1980, a wuce Kujama da Kasuwan Magani, sai ga duwatsun Kajuru sun taso, manya-manya, sumul kamar an kife ƙwarya. Ƙasar Gbagyi ce da Adara. Dawa ta sunkuya da nauyin zangarniya, mata suna tafe da itace, wasu matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗauka, ba a ka ba.

Ba mu taɓa sauke kaya ba sai mun gai da mai gari. Dattijonmu yakan shiga gaba da goro da ɗan gishiri, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga Kaduna, muna roƙon wurin kwana biyu.” Mai gari yakan haɗa mu da wani saurayi ya nuna mana wuri. Daga nan kuma mu leƙa rugar da take kusa mu gai da arɗo. Sau da yawa kafin magariba sai ga ƙwaryar nono daga ruga, ga doya ko gyaɗa daga gari. Ba wanda ya tambaye mu kuɗi. Mu ma in za mu tashi mukan bar sabulu da sauran shinkafa.

Aikin yamma a raba yake. Waɗansu su share fili, waɗansu su ɗebo ruwa, waɗansu su tsinto busasshen itace. Duwatsu uku sun isa murhu. Yaron da a gida ba ya ko ɗauke kwanon da ya ci abinci, a nan sai ka gan shi yana hura wuta, hayaƙi yana sa shi hawaye, yana dariya. Shinkafa da wake da aka dafa a kan ƙirya, bayan tafiyar yini, ba mai barin ko loma.

Sa'an nan dare ya yi. Wannan shi ne abin da ya kai mu. In wuta ta lafa, sai taurari su sauko kamar za a taɓa su. Dattawa su nuna mana Kaza da 'Ya'yanta tana tasowa daga gabas. Gyare yana kuka, dila yana amsawa daga nesa, wani lokaci a ji sarewar makiyayi. Yaran da suka cika mota da surutu sukan yi tsit. A nan ne mukan karanta Zabura 8 ko ta 19 da hasken tocila, ba a kuwa bukatar dogon wa'azi, gama abin da ake karantawa ga shi nan bisa kanmu. Da asuba raɓa ta jiƙe barguna, makwarwa tana kira, mu tashi mu yi addu'a muna rawar sanyi.

Ka'idodin zango

Ga abin da dattawa suka koya mana, yana kuwa da amfani ko'ina mutum ya sauka:

1. Nemi izini tukuna. Matambayi ba ya ɓata.
2. Kada ka sauka a kan burtali ko a bakin mashaya. Shanu ba su san tanti ba.
3. Kada ka kwana a cikin kwarin rafi, ko da ya bushe. Nemi tudu.
4. Share ciyawa kewaye da murhu. Da kaka gamba ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye amfanin gonar da mutum ya yi wa wahala dukan damina.
5. Tafasa ruwan sha, kome kyansa a ido.
6. Kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Kada ka sa hannu a ƙarƙashin dutse, gama nan kububuwa take fakewa. In maciji ya sari wani, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya tsaga wurin.
7. Kada ka sare ɗanyen itace, kada ka taɓa 'ya'yan itacen da ba a ba ka ba.
8. Haƙa rami nesa da ruwa domin bayan gida, ka rufe. Kashe wuta da ruwa, ka kwashe leda da gwangwani ka koma da su.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Raɓa kuwa in ta tashi ba ta barin ɓarna a bayanta.

Abin da ya rufe hanya

Ba za mu ɓoye muku ba, abin da muka faɗa a sama ya yi wuya a yau. Rikicin Kaduna na shekarar 2000 ya raba birnin. Iyalan Kirista da yawa sun bar Tudun Wada da unguwannin da suke kewaye da ita, suka koma ƙetaren kogi, Musulmi da yawa kuma suka baro can. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna aika wa juna tuwon salla da shinkafar Kirsimati suka rabu.

Bayan haka masu satar mutane suka shiga dazuzzuka. A watan Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. A watan Yuli na shekarar aka kwashe fiye da 100 daga makarantar Betel ta Baftis, a kan hanyar nan ta Kaciya da mukan bi. A watan Maris 2022 aka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna. Wahalar ba ta zaɓi addini ko kabila ba. Manomi ya bar gonarsa, makiyayi ya rasa shanunsa, mai garin da yakan ba baƙi wuri shi kansa yakan kwana da ido ɗaya.

Ashe abin da ya sa masaukin nan ya zama kyauta ba rashin ƙyaure ba ne. Amana ce. Mun kwana lafiya domin mai gari ya karɓe mu, arɗo ya san da mu, kowa kuma yana jin nauyin baƙo a wuyansa. Da amana ta karye, sai filin da yake na kowa ya koma hannun mai bindiga.

To, me za mu yi?

Kada kowa ya ɗauki yara ya shiga daji da ka. Rigakafi ya fi magani. Sai an tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro, in suka ce a dakata, a dakata.

Amma kada mu bar abin ya mutu. A fara daga inda ake iyawa. Harabar ekklesiya ko filin makaranta mai katanga ya isa yara su koyi hura wuta, su dafa abincinsu, su kwana a tabarma suna kallon sama. In an je gida ƙauye hutun Kirsimati, wurin kuma yana lafiya, a roƙi kaka ya zaga da jikoki bayan gari ya nuna musu doka da maɗaci da marke, ya faɗa musu gonar wa ke nan, burtali kuma daga ina ya fito. A koya musu durƙusa wa mai gari da gai da makiyayi da sunan girmamawa. In akwai tsohon maƙwabci a Tudun Wada da aka daɗe ba a gani ba, a hau mota a haye gada a gaishe shi, a tafi da yaran.

Bari kuma mu riƙa tunawa da mutanen ƙauyukan nan cikin addu'ar iyali, waɗanda suka ba mu wuri da nono da doya ba su karɓi kome ba. Ubangiji ya komo da salama a dazuzzukanmu, ya ba 'ya'yanmu zarafin yin zango inda iyayensu suka yi. Amin.