Tsatsa a ƙarƙashin fenti

A garinmu muna da shato na ƙarfe, shi ke ba mu ruwa. Bara waccan aka tara kuɗi gida gida, aka ba wani ɗan kwangila ya shafa masa fenti. Ni aka kira in karanta wa kwamitin ruwa takardar aikin, tun da ni ke koya wa manya karatu. Ina cikin karatu sai na iske "Sa 2½". Ban gane ba, kuma na ji kunyar tambaya gaban dattawa. Na tsallake.

Damina ɗaya aka yi, fentin ya kumbura, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ƙarƙashinsa tsatsa ce ja wur.

Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo mai walda, wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙaƙe. Da na nuna masa wurin sai ya ce: "Malam, ai wannan shi ne aikin duka." Kafin fenti, ana fesa wa ƙarfe tsakuwa ƙanana da iskar inji mai ƙarfi, su ci tsatsa da tsohon fenti, su bar jikin da kaushi don sabon ya kama. Wankin kuwa mataki mataki ne. Sa 1 share sama ne kawai. Sa 2 ya cire mafi yawa. Sa 2½ ba ya barin komi sai ɗan tabo nan da can. Sa 3 kuwa ƙarfe ne tas, launi ɗaya. Ba a gardama da baki, akwai littafin hotuna da ake karawa jikin ƙarfen a gwada. Daga ƙasar Suwidin ya samo asali, a 1988 ya zama ma'aunin duniya mai suna ISO 8501-1.

Ya ce kuma ranar da aka wanke, ranar ake shafa fentin farko, kafin raɓa ta sauka. Rairayin gulbi ma ba a so, ƙurarsa tana ɓata huhu har abada.

Mutuminmu buroshin waya kawai ya goga, ya shafa, ya karɓi kuɗinsa.

Ran Juma'a na tashi gaban kwamiti na faɗa musu layin da na tsallake. Ba wanda ya tanka. An soma tara kuɗi kuma, an ce wannan karo dattijon ne zai hau shato ya duba kafin a buɗe gwangwanin fenti.