Baba Ya Tara Mu

Asabar
Na baro Anka da rana tsaka, don yanzu ba mai kama hanyar Dareta da yamma. Ƙafafun Baba sun kumbura. Likita a Gusau ya ce ƙoda ce, ya ambaci wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Baba ya daɗe yana dakan dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida, ita kuwa dalma sannu a hankali take cin ƙodar babba.

Lahadi
Bayan la'asar Baba ya aika a kira liman, zai yi wasiyya. Inna ta ce, "Haba Malam, bar yi wa kanka baki." Sai ya ɗauko zancen 2010, shekarar da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Da hannunsa ya kai jikoki makabarta. Ya ce, "Su ba su da bakin magana. Ni ina da shi, ku bar ni in yi."

Litinin
Zancen dukiya bai ba da wuya ba, shari'a ta riga ta tsara shi: likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, kuma ba a yi wa magaji. Baba ya lissafo bashinsa, har da geron da ya ranta bara. Liman ya rubuta da ajami, mai unguwa ya shaida.

Talata
Yau aka yi ta. Yaya ya ce a sayar da fadama a kai Baba asibitin koyarwa na Sakkwato. Baba ya ce atafau. Ya riga ya bincika, wankin ba ya warkarwa, sai an yi dashe, in ba haka ba a yi ta yi har ƙarshe. "Fadamar ta ƙare, ni in ƙare, ƙannenku su ci me?" Yaya ya ce gari zai zage mu, a ce mun zuba wa ubanmu ido. Bai yi ƙarya ba, za a faɗa. Amma a ganina wannan kunyar tamu ce, jiki kuwa na Baba ne, shi zai sha allura da jigilar hanya. Mun saba jin wasiyya a kan gona da shanu, ba a kan jinya ba, shi ya sa ta yi mana nauyi.

Laraba
Na tambaye shi, "Baba, in magana ta gagara, wa za mu ji?" Kowa ya zaci Yaya zai nuna. Inna ya nuna. Ya ƙara da cewa a nemo masa maganin rage zafi daga asibitin Anka, a gwada jinin ƙananan jikoki, a rufe shi nan Dareta, kada a ci bashi don sadakar arba'in.

Alhamis
Yaya ya kwana bai ce wa kowa uffan ba. Da hantsi ya durƙusa ya ce babur ɗinsa zai sayar, ba fadama ba, a je Sakkwato sau ɗaya a ji ta bakin likitan ƙoda. Baba ya yarda, da sharaɗin ba za a kwantar da shi ba. Ran Litinin za mu tafi, in hanya ta yi lafiya.