Adakar Kaka

A ɗakin kakana a Bazaga akwai wata tsohuwar adaka da ke jingine bayan randa. Ta baki ake ɗura mata: albarushi, tsumma, sannan harsashi, a danna da sanda. Harbi ɗaya, sai a sake zama.

Kakana yakan ce kunamarta ake fara dubawa. In tana riƙe da ƙanƙara, ta tsufa ƙwarai. Daga nan a shafa bututun da yatsa a nemi tambari. Na taɓa ganin haruffan ELG cikin ɗan da'ira a jikin wata, alamar gwajin birnin Liyej na Beljiyam. Tamu ba ta da komai. Ƙirar maƙerin gida ce, kuma na fi son ta haka.

Harsashi kuwa, dabba ke zaɓa. Ƙananan ƙwayoyin darma na zabo ne, dunƙule ɗaya na gada. Guntayen ƙarfe ya ƙi su, suna cin bututu.

Wani lokaci in na dube ta nakan tuna 1899, shekarar da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya zo da bindigogin zamani ya ƙone Birnin Ƙonni. Na ɗauki adakar jiya. Har yanzu tana warin toka.