Ɗigon da ke ƙarƙashin tsohuwar roka

A tashar manyan motoci akwai aikin da ake yi kowace safiya har ido ya daina ganinsa. Yaron mota zai ɗauko jarka, ya taka bamba, ya buɗe marfin lagireto, ya tuttula ruwa sai ya cika. Gobe ma haka. In ka yi magana direba ya ce, "Ai tsohuwa ce, tana ɗan shan ruwa." Alhali inji ba ya shan ruwa. Ruwan da aka zuba masa zagaye yake yi a rufe, daga lagireto ya shiga gangar jikin injin, wato bulok, ya kwaso zafi ya dawo ya huce. In kullum yana raguwa, to akwai ƙofar da yake bi.

Sau da yawa a duba tiyo a ga lafiya lau, a duba lagireto da famfon ruwa ba a ga komai ba. Sai bakanike ya kwanta a ƙarƙashin mota ya haska tocila a gefen bulok, sannan a ga wani jan layi na tsatsa ya gangaro, ya bushe, ya sake jiƙa. A bi layin zuwa sama, sai a tarar da wani ɗan faifan ƙarfe zagayayye a nutse cikin jikin injin, tsakiyarsa ta yi ƙuraje, ruwa na tsattsafowa ta wani rami da bai fi bakin allura ba. Matoshi ke nan.

Me ya kawo rami a jikin inji tun farko, har ake toshe shi? Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyom zai gane da wuri. Su ma da yashi mai danshi suke fitar da siffar tukunya, su zuba narkakken ƙarfe, in ya huce su fasa yashin. Haka ake zuba bulok a masana'anta, sai dai shi a cikinsa akwai hanyoyin ruwa da suka kewaye silinda. Don a sami waɗannan hanyoyi, ana dasa curin yashi a tsakiya kafin a zuba ƙarfe, kuma dole a bar ramukan da za su riƙe curin, a kuma zazzage yashin ta nan bayan an gama. Waɗannan ramuka su ake gyara bakinsu a buga musu matoshi. A ƙasashen sanyi mutane da yawa sun ɗauka an sa shi ne don ya ceci inji ranar da ruwa ya daskare, tunda ruwa kan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara. Wani lokaci yakan fice ɗin, amma ba don haka aka yi shi ba, kuma sau tari bulok na tsagewa matoshin yana nan daram a wurinsa.

Mu nan ƙanƙara ba ta dame mu ba. Abin da ke cin matoshi a Kano ko Maraɗi tsatsa ce, kuma daga ciki take farawa. Ɗauki roka, wato Mercedes 911, wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗa irinta a Inugu tun farkon shekarun 1980. Injinta OM 352, mai silinda 6 da faɗin lita 5.7, ya fito tun 1964, kuma har yau yana ɗaukar hatsi da dabbobi daga kasuwa zuwa kasuwa. Bangon bulok ɗinsa ƙarfen zubi ne mai kauri. Matoshi kuwa falle ne da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Shekara da shekaru ana zuba wa injin ruwan rijiya, na burtsatse, wani lokaci na kududdufin bakin hanya. Ruwan nan yana ɗauke da iska da gishirin ƙasa, ga zafi kullum. Laka da dusar tsatsa su taru a ƙasan hanyar ruwa, su kwanta a bayan matoshi, su yi ta cinsa. Shi ne mafi siranta, don haka shi ke fara hujewa. In ka ga ɗigo a waje, cikin ya daɗe da lalacewa.

Ɗigon ba ruwa kawai yake ɓatarwa ba. Marfin lagireto yana riƙe matsin da ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da zarar an sami huji, matsin ya tafi, ruwa ya tafasa da wuri. Ranar da motar ta ɗauko kaya ta kama hawa da tsakar rana, ramin allura yana iya yagewa gaba ɗaya, ruwa ya zube cikin 'yan mintoci. Daga nan sai ƙonewar gaskit, ko lanƙwasar kan inji, ko fistin ya kama. Abin da kuɗin abincin rana zai saya ya jawo saukar da inji a tsakiyar daji.

Canza shi ba wuya a fahimta, sai dai yana son haƙuri. A bar inji ya huce, a tsiyaye ruwan. A sa kan ƙarfe a gefe ɗaya na matoshin, ba tsakiya ba, a buga da guduma a hankali har ya juya ya ba da kunne, a kama da filaya a zaro. Bakanike nagari ba ya barin sa ya faɗa ciki, in kuwa ya faɗa sai ya ciro shi, don zai tare hanyar ruwa. Sannan ya zura yatsa ya ji lakar da ta taru, ya wanke ta har ruwa ya fito fari. A goge bakin ramin da samfefa, ba tare da an ƙwarzane shi ba, a shafa ɗan man liƙi a gefen sabon, a sami soket da ya zauna daidai a cikinsa, a buga shi miƙe har bakinsa ya daidaita da jikin bulok. In ya shiga a karkace, cire shi za a yi a sa wani. Girman ma dole ya zama nasa, aune ake yi, ba ƙiyasi ba. Na tagulla ya fi na baƙin ƙarfe jure tsatsa. Na roba mai noti a tsakiya na kai mota gida ne kawai.

Inda gardama take tashi shi ne wurin adadi. Bakanike ya ce, "Alhaji, tunda an buɗe, a canza su duka." Mai mota ya ce, "Ɗaya ne ke yoyo, Malam, ɗaya za ka canza." Gaskiya tana wurin bakanike. Rana ɗaya aka buga su, ruwa ɗaya suka sha. Wasu suna ɓoye a bayan bututun hayaƙi ko bayan kik, a injuna da yawa kuma akwai na can baya wanda ba a kai masa sai an sauke giya. Kuɗin ba a matoshin yake ba, a kwance-kwancen yake, kuma ba dabara ba ce a biya shi sau biyu. Fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto yana iya tsayar da ɗigo na ɗan lokaci, amma yakan toshe siraran hanyoyin lagireton, a gudu daga yoyo a faɗa zafi.

Bayan gyara, abin da za a zuba shi ne magana. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, kore ko ja, ba na ƙasar sanyi kaɗai ba ne. A cikinsa akwai sinadarin da ke hana tsatsa, wanda shi muka fi bukata. A haɗa shi da ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikin galan, a riƙa sabunta shi, a kuma kawar da shi daga yara da dabbobi, domin yana da zaƙi kuma guba ne.

Direbobi da masu motoci, ku riƙa leƙa ƙarƙashin motarku kafin a tayar da ita. In kun ga jan layi a jikin bulok, ku kai ta gareji tun tana tafiya da ƙafarta, ku canza matosan gaba ɗaya, ku daina shayar da inji ruwan da kuka samu a hanya.