Wata uku a Pittenweem, ƙauyen masunta a Sikotland

Pittenweem ƙauye ne a gaɓar gabashin Sikotland, a yankin Fife, mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Gidajen na dutse ne, da yawansu rufinsu ja, lunguna kuma matsattsu ne, suna gangarowa har bakin tashar da masunta ke ɗaure jiragensu. Jegon ƙanwata ne ya kai ni can a watan Satumba, mijinta yana aikin jinya a yankin. Bizar ziyara ta Birtaniya tana ba mutum damar zama har wata shida, ni na yi uku.

Wanda ya tashi a Herwagana ya san ruwan Dadin Kowa, to amma teku daban ne. Sau biyu a kowane yini da dare ruwan yake cika ya kuma janye. Ka ga jirage sun yi ƙasa a gindin katanga, bayan kamar awa shida sun taso har bakinta. Da wannan masunta ke lissafin fitarsu.

Na je da tsoron sanyi, sai ga shi rana ce ta fi ba ni aiki. Lokacin da suke kira kaka ba irin kakarmu ba ce ta sabon gero da wake. Ganye ke yin ja yana zuba, yini kuma yana raguwa kullum. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan Gombe ta riga mu da awa guda. Zuwa ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna haɗuwa cikin awa huɗu, ga shi babu ladan, sai dai waya ta tuna maka. Masu zuwa Juma'a sai sun shiga mota zuwa birni irin Dundee, can ne kuma ake sayo naman halal a cika firji.

Ƙarancin ranar nan yana taɓa lafiya. Fata tana samar da sinadarin bitamin D ne idan rana ta bugi jiki, shi ne kuma yake taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin yin wannan aiki, shi ya sa hukumar lafiyarsu ta NHS ke ba da shawarar shan maikurogiram 10 kullum. Mu masu baƙar fata, da mata masu rufe jiki, an ce mu sha duk shekara. Jaririn da ke shan nono ma ana ɗiga masa nasa tun daga haihuwa.

A kan jaririn ne muka ɗan ja da ungozomar da ke zuwa gida. Ni hannuna yana kan bargo da hula, ita kuwa ta ce ɗakin barcinsa ya tsaya tsakanin digiri 16 da 20, a kwantar da shi a rigingine, a cire hular in ana cikin gida, don zafi fiye da kima yana da haɗari ga jariri mai barci. Kunun kanwa dai dama likitocinmu na gida sun daɗe suna jan kunne a kansa saboda zuciyar mai jego, sai muka tsaya a kunun gyaɗa da farfesun kifi. Kifin nan kuwa, a ganina, shi ne arzikin garin.

Sai shiru. A Herwagana mai jego ba ta rasa 'yan barka, wannan ta shigo da tuwo, waccan ta karɓi jariri ta goya. A can ƙofa a rufe take, ba mai zuwa sai ya yi waya. Mutanen ba su da wulaƙanci, gaisuwarsu ce gajera, kuma kusan kullum a kan yanayi take. Da na ga ƙanwata ta fara yawan tagumi, sai na ce, “Ke, tashi mu fita.” Kullum da hantsi muke tura keken jariri mu bi hanyar ƙafa ta bakin teku zuwa Anstruther, kamar mil ɗaya da rabi, mu hau bas mai lamba 95 mu dawo. A mako na uku wata tsohuwa mai yawo da kare ta tsayar da mu ta tambayi sunan yaron. Washegari da ta hango mu ta kira shi, ta kusa faɗa daidai.