Yatsun Kakata da Man Kaɗe

A shekarar 2020 na zauna jarrabawar WAEC, kuma ban taɓa shiga damuwa irin ta lokacin ba. Tun watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, fataucin da Baba ke yi tsakanin Lolo da Malanbil ta Jamhuriyar Benin ya tsaya cik. Sai ga korona, aka rufe makarantu, aka ɗage jarrabawar zuwa Agusta. Inna ta sayar da akuyarta don kada karatuna ya tsaya. Kullum na buɗe littafi, akuyar nan nake gani.

Barci ya ƙaurace mini. Ina kwana karatu da fitilar waya, in tashi kaina kamar an ɗaure shi da igiya, in haɗiyi Panadol in ci gaba. Ban gaya wa kowa ba.

Wata ranar Alhamis bayan La'asar, kakata ta dube ni ta ce, "Kishiya, zo in tsefe miki kan nan, kada mijina ya gan ki haka." Na ce ina da karatu. Ta ce, "Littafin ba ƙafa gare shi ba."

Na zauna kan tabarma tsakanin ƙafafunta. Ta warware kitson, ta murza man kaɗe a tafin hannu har ya narke, ta fara daga ƙeya. Ta bi bayan kunnuwa da manyan yatsu, ta hau tsakiyar kai tana zagayawa a hankali, ta sauko wuya da kafaɗu. Ba ta tambaye ni komai ba. Sai na ji hawaye na zuba, na gaya mata tsorona: in na faɗi, da wane ido zan dubi Inna? Ta ce, "Akuya ce aka sayar, ba ke ba." Daren nan sai kiran Asuba ya tashe ni.

Daga baya na karanta cewa mutanen Indiya sun daɗe da wannan al'ada, suna kiran ta "champi". Iyaye mata kan tausa kan 'ya'yansu da man kwakwa ko man riɗi, masu aski ma kan yi wa wanda suka aske. Kalmar shamfu da muke wanke gashi da shi daga can ta samo asali. A farkon ƙarni na 19 wani Ba'indiye, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan wanka da tausa a garin Brighton na Ingila. Abin da Turawa suka riƙa biyan kuɗi a yi musu, ni a tsakar gidanmu na Bagudo na samu kyauta.

Tausa ba ta maye gurbin asibiti. Ciwon kai mai zuwa da zazzaɓi ko amai, musamman a damina da sauro ke yawa a bakin kogin Neja, gwaji yake buƙata. Amma nauyin da tunani ke ɗora wa ɗalibi, ƙwaya ba ta sauke shi.

Na ci jarrabawar. Yanzu ƙanwata ce ke aji shida, ni kuma nake narka mata man kaɗen. Ba na tambayar ta komai, da kanta take fara magana.